Goggo, tun da likita ya raɗa wa abin suna na rasa wace ce ni

Wasiƙar wannan makon daga Garwa ta ƙasar Kamaru ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Goggo. Ina gaisuwa, ya zafi? Shekarata 16, ina ajin segond a lise, wato ajin farko na babbar sakandare. Tun ina firamare sunana a gida Mantau. In an aike ni sayen maggi sai in dawo da ashana. A aji jikina na zaune, hankalina na can waje. BEPC ma, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, sai a karo na biyu na ci. A babban hutun bara Kawuna da ke aiki a Yawunde ya kai ni wurin likita. Sau uku muna zuwa, ya sa Inna da wani malamina suka cike takardu, daga baya ya ce ina da TDAH, wanda masu Ingilishi ke ce wa ADHD, wato lalurar da ke hana hankali zama wuri ɗaya, ya rubuta mini magani. Ranar kukan daɗi na yi, don na ji ashe ba da gangan nake yi ba.

"Amma yanzu na rikice. Baba ya ce ciwon Turawa ne, lalaci ne kawai aka yi wa suna, tunda ina iya zama awa uku ina zana wa amarya lalle ban motsa ba. Inna ta ce kada in kuskura maganar ta fita, za a ce taɓin hankali ne, wa zai aure ni. Kaka ta ce iska ce, tana ba ni rubutu. Shekaranjiya na ƙona miyar kuka, da na ce ciwona ne sai Yaya ya ce na samu wurin ɓuya. In na sha maganin karatu na zauna mini, lissafi na tashi daga 6 zuwa 11 bisa 20, amma ƙawata ta ce na zama wata daban, na daina surutu da ban dariya. A TikTok kuma duk abin da nake yi, har yadda nake son mutane, ana cewa alamar ADHD ce. To ni wace ce, Goggo? Ta kafin magani ko ta bayansa? Akwai abin da yake nawa ne ni kaɗai? Ko a salla sai in manta raka'a nawa na yi, ina tsoron imanina ne ke da rauni. Wasu dararen ina ji da ma ba a haife ni ba."

Wa alaikumus salam 'yata. Zafi sai godiyar Allah. Zan fara da maganarki ta ƙarshe, domin ita ta fi tsaya mini a rai. Yarinyar da ke kwana tana ji da ma ba a haife ta ba ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki faɗa wa Inna ko Kawu wannan maganar kamar yadda kika rubuto mini ita, ba ragi. Likitanki ma ya ji ta, ko da ta waya ce, kada a jira ranar komawa. Damuwa da baƙin ciki mai nauyi sukan raka ADHD a wurin matasa da yawa, kuma suna da magani. In har wani dare abin ya kai ki ga tunanin yi wa kanki lahani, ki tashi Inna a lokacin, ku tafi asibiti, ba sai gari ya waye ba. Na roƙe ki wannan kafin komai.

To, mu zo kan tambayarki. Na ƙirga sunayen da ke cikin wasiƙarki. Mantau, malalaciya, mai iska, sai kuma haruffa huɗu na likita. Hausawa sun ce suna linzami, kuma kusan shekara goma ke nan ana jan ki da na farkon. Yaron da aka daɗe ana kira da wani abu, tun yana musu har ya daina, ya fara gabatar da kansa da shi. Sai ga wani suna sabo ya zo a takarda mai hatimi, ya ce waɗancan duk kuskure ne. Dole ki yi kukan daɗi, dole kuma daga baya ƙasa ta yi miki rawa, don ko mummunan suna in mutum ya saba da shi ya zama ɗaki, fita daga cikinsa da wuya. Ƙari a kan haka, kina shekarun da kowane matashi ke tambayar kansa wane ne shi. Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ya ce wannan tambayar ita ce babban aikin shekarun balaga. Duk 'yan ajinki suna yin ta, kowa a ɓoye. Ke taki ta zo da takardar asibiti, shi ya sa ta fi nauyi.

Akwai kalmomi biyu a harshenmu da nake so ki raba su, hali da halitta. Halitta ita ce yadda aka gina mutum, tsawonsa, ƙarfin idonsa, yadda hankalinsa ke kama abu ya saki. Hali kuwa shi ne abin da mutum ke yi da abin da aka ba shi, gaskiyarsa, amanarsa, tausayinsa. Abin da ya same ki shi ne an ɗauki wani yanki na halittarki ana karanta shi a matsayin hali. Kuma a wurinmu wannan kuskuren yana da sauƙin yi ƙwarai, domin ma'aunin da muke auna tarbiyyar 'ya mace da shi sunansa natsuwa. In ana yabon yarinya a gaban masu neman aure, me ake cewa? Ai tana da natsuwa. Maƙwabtanmu Fulani ma munyal da semteende suke sa wa a gaba, wato haƙuri da kunya. Sai ga lalurar da ta zo ta taɓa daidai wurin da ake duba mutunci. Yarinyar da idonta ba ya gani da kyau a ce Allah sarki a saya mata tabarau. Wadda hankalinta ke zillewa kuwa sai a ce ba ta ji, ba ta da kamun kai, uwarta ba ta kwaɓa ta ba. Su kansu likitoci da haka suka fara. A 1902 wani likitan yara a Landan mai suna George Still ya yi bayanin irin waɗannan yaran, kuma abin da ya kira shi a lokacin shi ne raunin iya riƙe ɗa'a. An daɗe kafin ilimi ya gyara wannan fahimtar. Saboda haka kada ki yi mamaki in gidanku bai gyara ta cikin shekara ɗaya ba.

Ni ma na yi wannan kuskuren, kuma har yau yana damuna. Lokacin da nake koyarwa a firamare, ajina ya haura yara 80. Akwai wata yarinya da ke zama kusa da taga, ba ta rigima, ba ta surutu, amma in na kira sunanta sai ta zabura kamar wadda aka tasa daga barci. Sau biyu ina rubuta a takardar sakamakonta cewa ba ta ƙoƙari. Wata rana bayan an tashi na same ta a gindin darbejiya ta zazzage jakarta a ƙasa, tana tona yashi da yatsu tana neman bik ɗinta na rubutu, na uku ke nan a makon, tana kuka tana cewa yau Babanta zai kashe ta. Yarinyar da na rubuta cewa ba ta ƙoƙari, ashe ta fi kowa a ajin wahala da ƙoƙari, ni ce ban san inda zan duba ba. Mata da yawa haka suke wucewa ba a gane su ba, don nasu ya fi zuwa da zillewar hankali a shiru, na maza kuwa da tsalle-tsalle da rigimar da kowa ke gani.

Ga abin da aka sani game da lalurar. Cikin kowane yara 100 a duniya, kusan 5 suna da ita. A aji irin nawa na da, wajen yara huɗu ke nan. An yi bincike a Najeriya da Kwango da Habasha an same ta, don haka ba ta san launin fata ba, Turawa dai sun riga mu ba ta suna. Tun 1798 wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya rubuta game da mutanen da hankalinsu ya kasa zama wuri ɗaya, kin ga ta girmi waya da talabijin. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma a cikinta, tsakanin 70 da 80 cikin ɗari. Ba a kuma yanke wa mutum ita don ya manta abu sau ɗaya. Sai alamun sun bayyana tun kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata shida, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma suna kawo cikas na gaske. Shi ya sa likitanki ya sa kuka je sau uku, ya nemi bayanin Inna da na malami. Wannan ya kwantar mini da hankali, alama ce ta wanda bai yi gaggawa ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, inda aka riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar yara suna girma, ya gano cewa a masu ADHD wasu sassa, musamman na gaba mai kula da tsara aiki da taka burki, suna kammala nuna a makare da kusan shekara uku. Hanyar ɗaya ce da ta sauran yara, isowar ce ke jinkiri. Wasu abin yakan yi musu sauƙi da girma, wasu kuma sukan tafi da shi har manyanta, su koyi zama da shi.

Maganar lalle, wadda Baba ya riƙe hujja, ita ce ma ta fi nuna yadda abin yake. Kina da hankali, kina kuma da mayar da shi. Abin da ke ba ki wuya shi ne juya shi zuwa inda aka umarce ki a lokacin da aka umarce ki. Abin da ke da daɗi, ko sabo, ko ake ganin sakamakonsa nan take, yakan kama hankalin mai ADHD ya riƙe tamau har ya manta da yunwa. Lalle haka yake, kowane layi kika ja kina ganin furen na fitowa a bayan hannun amarya. Darasin da ribarsa sai ranar jarrabawa kuwa ba shi da wannan ƙugiyar. Baba ya ga gaskiya da idonsa, fassarar ce ta kuɓuce masa.

Yanzu ki tsaya a kan lallen nan, domin a nan amsar tambayarki take. Yara 5 cikin 100 suna da abin da kike da shi. Nawa ne a cikinsu amare ke nema su zana musu lalle? Lalurar na iya bayyana dalilin da kika zauna awa uku ba ki ji ba. Amma zanen da kika zaɓa, da sanin wane fure zai dace da siririn hannu wane da mai kauri, da haƙurin da kika yi kina koyo a hannun ƙannenki har hannunki ya faɗa, babu ko ɗaya a takardar likita. Tsoron da kike ji kada imaninki ya yi rauni, shi ma ba ya ciki. Damuwar da kika yi da ƙawarki ta ce kin canja, ba ya ciki. Takardar ta yi bayanin yadda hankalinki ke tafiya, kuma bayanin gaskiya ne, ki riƙe shi. Ba ta san abin da kike so ba, ba ta san wanda kike tausayi ba. Ina so ki sami littafi ki ware shafi biyu. A na farko ki rubuta abubuwan da lalurar ke wahalar da ke a kansu, dalla-dalla: aike, tukunya a wuta, darasi mai tsawo. A na biyu ki rubuta abin da kike ƙauna, abin da kika iya, da abin da ba za ki taɓa yi wa mutum ba ko za a ba ki duniya. In na biyun ya gagare ki, ba abin mamaki ba ne ga wadda aka daɗe ana lissafa mata laifi. Ki tambayi Inna da ƙawarki, kowacce ta faɗa miki abu uku. Wasu abubuwan za su ƙi zama a shafi ɗaya, kamar surutunki da saurin ban dariya. Ki bar su a tsakiya. Ba dole ne ki san asalin kowane abu a jikinki kafin ya zama naki ba, kamar yadda muryarki gado ce amma ba wanda zai ce ba taki ba ce.

Matasan da ke da wannan lalurar ba hanya ɗaya suke bi ba. Wani yakan ce abu ne da nake da shi, kamar mai asma. Wani ya ce ai ni ke nan, ba na raba kaina da shi. Wani ya ƙi sunan gaba ɗaya na wasu shekaru sannan ya dawo. Mutum ɗaya ma yakan yi duka ukun kafin ya kai 20. Ba zan zaɓa miki ba. Abin da nake jin tsoro shi ne gefe biyu na ƙarshe: ki ƙi sunan har ki bar taimakon da ke tare da shi, ko ki shige cikinsa ki rufe ƙofa har ki daina tsammanin komai daga kanki.

TikTok na tura mutum zuwa gefe na biyun. A 2022 wasu masu bincike a Kanada suka duba bidiyo 100 da suka fi farin jini a kan ADHD a dandalin, suka samu 52 daga ciki suna ɓatar da mai kallo. Mai bidiyo so yake kowa ya ce ai ni ma haka nake, don haka sai ya kwaso abin da duk ɗan Adam ke yi ya ce alama ce. Yadda kike son mutane naki ne. Za ki kuma ji masu cewa ADHD baiwa ce. Gaskiya ne Michael Phelps, mai lambar zinariya 23 a ninkaya a gasar Olamfik, an gano yana da ita tun yana yaro, kuma Simone Biles, shahararriyar 'yar wasan motsa jiki, ta fito a 2016 ta faɗa wa duniya tana da ita tana shan magani. Ki ɗauki ƙarfin gwiwa daga gare su. Amma wadda ta maimaita shekara kafin ta ci BEPC ta san abin yana da ciwo, ba sai kin yi kamar kina murna da shi ba.

Sai maganin. Ban san wanne aka rubuta miki ba, amma wanda aka fi bayarwa, metilfenidet, yana ƙara ƙarfin wasu sinadaran saƙo a ƙwaƙwalwa, dofamin da noradirenalin, ya yi aikinsa na wasu awoyi ya fita. Ba ya cire mutum ya sa wani. Wadda ta ci 11 a lissafi ke ce, ke kika zauna kika warware, ƙwaya ba ta san lissafi ba. Duk da haka maganar ƙawarki abin dubawa ce. Ki lura da kanki mako biyu, ki riƙa rubutawa: shirun nan, na wadda ta samu damar sauraro ne, ko kuwa ji kike kamar an rage miki wuta, abin dariya ba ya ba ki dariya? In na biyun ne, ki kai wa likita, don sau da yawa alama ce cewa awon ya yi yawa ko lokacin sha bai dace ba, kuma ana gyarawa. Ki faɗa masa yadda cin abincinki da barcinki suke, su ne maganin ya fi taɓawa. Kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki daina da kanki, kada ki ba wata ƙawa don jarrabawa ta matso. In kuma wata rana ya yanke, ko kuɗi suka gaza, kada wani ya ruɗe ki da ƙwayoyin bakin titi. Kin ga abin da tramol ya yi wa samari a garuruwanmu.

Maganar miyar kuka kuwa, ke da Yaya kowa na da rabin gaskiya. Lalurar ce ta sa kika manta, haka ne. Amma mutanen gida sun kwana ba miya, shi ma haka ne. In mutum ya ce ciwona ne ya yi shiru, abin da na kusa da shi ke ji shi ne gobe ma haka za a yi. Ki gwada ta wannan hanyar: "Na ƙona, ku yi haƙuri. Na san hankalina na gudu, daga yau in na ɗora tukunya zan sa ƙararrawar waya, kuma ba zan bar madafa ba." Wanda ya san ba ya gani da daddare shi ya fi kowa alhakin ɗaukar tocila. Shi kuma Yaya, a tuna masa cewa Alƙur'ani, a aya ta 11 ta Suratul Hujurat, ya hana jifan juna da miyagun laƙabobi. Kina da haƙƙin ki roƙa, cikin ladabi, a daina kiranki Mantau. Ki fara da Inna, in ta daina sauran za su bi a hankali.

Baba kada ki yi musu da shi, ba za ki ci ba, kuma ba wurinki ba ne. Ina jin akwai tsoro a ƙarƙashin maganarsa. Uba ya fi son a ce 'yarsa malalaciya ce, don lalaci yana ganin zai iya gyara shi da faɗa, a kan a ce tana da abin da ba shi da iko a kai. Kawu ne ya dace ya zauna da shi, babba da babba, in da hali ya haɗa shi da likitan ta waya ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Ke naki shi ne ki kai masa takardar sakamako ya ga 6 ta koma 11. Gani ya kori ji. Tunda abin na bin jini, ba mamaki in aka zauna aka tuna za a samu wani a dangi da aka sani da irin wannan, ya kuma yi rayuwarsa da mutunci. Wannan Kawu ne zai ambata, ba ke ba. In kuma Baba ya tsaya a kan bakansa, ki ci gaba da girmama shi, ki bar lokaci ya yi aikinsa. Yardarsa za ta yi miki daɗi, amma gaskiyar abin da ke jikinki ba ta jiran sa hannunsa.

Inna kuma kare ki take yi, ta san bakin unguwa. A wurinmu da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai tunanin mutane ya tafi ga mai yawo a kasuwa da tsumma. ADHD ba hauka ba ce, ba ta kuma rage basira. Ina tare da Inna a kan cewa ba kowa ne zai ji ba, sirrin lafiyarki naki ne. Inda na rabu da ita shi ne a mayar da shi abin kunyar da ko a ɗaki ba a ambata, domin yarinyar da aka ce ta ɓoye abu ko ta halin ƙaƙa, abin da take koya shi ne ita ɗin abin ɓoyewa ce. Ku zauna ku biyu ku fitar da mutum biyu ko uku da saninsu zai amfane ki. Ni zan sa malamin da ke kula da ajinku, ko mai ba ɗalibai shawara in lise ɗinku na da shi, don a dawo da ke bencin gaba nesa da taga, a kuma riƙa duba ko kin rubuta aikin gida. Ƙawarki kuma ki auna ta da abin da kika sani: ta taɓa riƙe miki sirri? In ta taɓa, ki faɗa mata a taƙaice. In kina shakka, ya isa ki ce kina shan maganin da ke taimaka miki da karatu, ki kuma ware mata lokacin hira da yamma, don wataƙila kewarki kawai take yi. Aure kuwa da saura. In lokacin ya zo, wanda za ki zauna da shi ya kamata ya sani kafin a ɗaura, kuma yadda ya karɓi maganar zai nuna miki ko wane ne shi.

Kaka ki karɓi addu'arta da hannu biyu, ƙauna ce. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Sai dai in an kawo jiƙo ko garin da za a sha, a tambayi likita tukuna. Game da salla, ki tambayi kanki don me aka shar'anta ƙabli da ba'adi. Don an san masu salla suna mantuwa, kuma ya tabbata Annabi da kansa ya yi mantuwa a salla ya gyara da sujada. Ki sami malamarku ta Islamiyya ki ce mata shakka na yawan zo miki, akwai hukuncin da malamai suka tanadar wa mai irin wannan, da sauƙi a cikinsa. Mai raunin imani ba ya kwana da damuwar raka'a.

A karatu, ki daina kwaikwayon yadda wasu ke yi. Ki yi minti 20, ki tashi ki zaga tsakar gida, ki dawo. Bayan asuba, kafin ranar Garwa ta buɗe, ya fi tsakar dare. Ki yi karatu da murya, kina tafiya ko kina rangaji in hakan ya fi zauna miki, almajiran allo sun daɗe da sanin jiki na taya kai riƙe karatu. Wayar ki ba Inna ajiya har ki gama. Aike kuma ki maimaita shi da baki a gaban wanda ya aike ki, in ya wuce abu biyu ki rubuta ko a tafin hannu. Bik da littattafai su kwana a jaka, jakar ta kwana wuri ɗaya kullum. Ki kiyaye barcinki, rashinsa na ninka komai. Kada ki ɗauki duka a mako ɗaya, ki zaɓi biyu, in sun zauna ki ƙara. Waɗannan za su yi miki aiki da magani ko babu, kuma jarrabawar probatuwar na tafe baɗi, gara ta same ki da su a hannu.

Lallen nan kuma kada ki bari a ce ɓata lokaci ne. Ki riƙa ɗaukar hoton kowane hannu da kika zana kina tarawa. In kin yi magana da Inna daren yau, kun kuma samu likitan, ki sake rubuto mini in ji yadda aka yi. Ki haɗo mini da abin da ke shafi na biyu, ina so in karanta. Ki gaida Inna da Kaka.